Karen Yara Ne

Tun da yaƙi ya ɓarke a Hartum a watan Afrilun 2023, ya kuma ci Wad Madani a watan Disamba, ba mutane kaɗai suka yi gudun hijira ba. Karnukan da aka bari a gidajen birni sun bi gefen magudanan ruwan gonakin Jazira suna neman mai tausayi, wasunsu kuwa suka yada zango a ƙauyukan Hausawa. Su kuwa mutanen nan ba a koya musu karɓar baƙo. Garin Maiwurno kansa, a bakin Nilu Shuɗi, 'yan hijira ne suka kafa shi a 1906, bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903.

Sai dai baƙo mai ƙafa huɗu shari'arsa daban ce.

Masu gidajen marayun karnuka a Turai, irin na Battersea da ke Landan tun 1860, suna ba da shawarar a ware wa sabon kare lungu mai shiru, a rage masa baƙi, a bar shi ya saba sannu a hankali. To, a zo a nemo wannan lungu a gidan da yara suka haura goma. Kafin la'asar duk unguwa ta zo kallo, wani na jan wutsiya, wani na gwada ko karen birni yana jin Hausa ko sai Larabci. Shi dai bawan Allah ya shige ƙarƙashin gadon igiya yana ta karkarwa.

Da yamma sai majalisar shayi ta koma kotu. Wanda rabonsa da buɗe littafi tun yana makarantar allo shi ne zai fara fatawa. Wani ya ce najasa ce. Liman ya tunatar da su cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Wani ya jawo hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare ruwa da huffinsa. Kowa ya girgiza kai, aka yi salati, aka sake zuba shayi. Karen dai ba wanda ya ba shi ruwa.

Maigida kuwa ba ya taɓa amsa cewa nasa ne. In an tambaye shi sai ya ce, “Haba Malam, ni da kare? Na yara ne.” Uwargida, wadda ta fi kowa zaginsa da rana, ita ce ke lallaɓawa bayan isha ta ajiye masa ragowar asida. Wajen raɗa suna ma ba a bar damar ta wuce ba: an sa masa Ƙyale-su, domin duk lokacin da aka ƙwala masa kira maƙwabciya ta ji saƙonta.

Ranar da ya kori ɓarawon akuya da tsakar dare, da safe ya zama “karenmu”, har maigida na ba da labarin yadda ya hore shi. Ranar da ya ɗauke kazar maƙwabci, sai aka ce ɗan gudun hijira ne, Allah kaɗai ya san daga ina ya fito.

Inda kotun ke watsewa shi ne batun allurar rigakafin ciwon haukan kare. Nan kowa ke tuna yana da aiki a gona. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Tunda an ce karen na yara ne, Alhaji, a nemi likitan dabbobi ya yi masa allurar. In kuma ya riga ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar.