Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Sarauniyar Kwarkwasan Dajin Gashaka

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda talaka ke yi wa mai mulki, ina rubuto miki wannan takarda ne a tsaye, domin zama ya gagare ni tun daren jiya. Allah ya ja zamaninki. Da na ce Allah ya ƙara zuri'a, to amma an ce kina zuba ƙwai miliyoyi a wata guda, wannan addu'ar sai mu bar wa mabukata.

Ƙara na kawo. Jiya muka fara tattaki a gandun dajin Gashaka Gumti, wanda ya fi kowane gandun daji girma a Najeriya. Da asuba muka bar Serti a bayan a-kori-kura, muka bi ta Mayo Kam har ƙauyen Gashaka, daga nan aka ce mota ta gama nata, saura ƙafa. Muka ɗauki hanyar Kwano, tudu yana miƙa mu ga tudu. Ban kawo ƙarar tudun ba, a nan na same shi. Tsando ya huda mini riga ya sha abin da zai sha, na yafe. Sabon takalmin da na saya da tsada ya tayar mini da bororo a duga-dugai, alhali yaron da ya ɗauko buhun shinkafarmu a ka yana ta wuce ni da silifas ɗin wanka yana ce mini "sannu Baba". Wannan ma na haɗiye. Zufa kuwa a ƙarƙashin waɗannan dogayen itatuwa ba ta bushewa, sai dai ta ƙaru.

Da la'asar muka fara cin karo da rundunarki. Wani baƙin layi ne ya ratsa hanya, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, ƙanana na gudu a tsakiya ɗauke da kaya, manya masu ƙaton kai sun jeru gefe da gefe, baki a wangame sama. Ma'aikacin gandun da ke yi mana jagora ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka tsaya kallo, tsallake ka wuce." Na tsallake da ladabi. Ko ɗaya ban taka ba, akwai shaidu. Har yaba tsarinku na yi a fili, na ce ga al'ummar da ba ta da ido ko ɗaya, ƙamshin sawun 'yan uwa kawai take bi, amma ba mai tsallake layi, ba mai cewa "ka san ko ni wane ne?"

Ashe yabon nan ya iso fada, aka ce a kai wa Malam tukuici.

Mun kafa tantuna a bakin wani rafi, mun ci shinkafa da wake, mun yi isha'i. Barci ya fara daɗi ke nan na ji kamar ana yayyafi a kan busassun ganyaye, sama kuwa tas. Kafin in lalubo tocila an riga an gama shiga. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dabarar. 'Ya'yanki ba su ciji ƙafa ba, inda kowane ƙwaro mai mutunci yake farawa. Shiru suka yi, suka haura ta ƙafar wando, suka wuce gwiwa, suka rarraba wa kansu unguwanni, sannan suka kama aiki a lokaci guda. Wa ya ba da umarnin? Ke kina can ƙarƙashin ƙasa, ba fiffike, ciki ya kumbura ko tafiya sai da taimako, amma kin iya tsara harin dare.

Na fito daga tanti ina tsalle kamar wanda bori ya hau. Jagora ya haska ni ya ce, "Baba, tuɓe! Tuɓe duka!" Na ce a kawo ruwa. Ya ce ruwa ba ya sakin su, sai an cire su ɗaya bayan ɗaya.

Ke, kin san wa ke tsaye riƙe da ɗaya tocilar? Mijin 'yata. Yaron da ko sunana ba ya iya faɗa, wanda in ya zo gaishe ni a zaure yake durƙusawa, idonsa a ƙasa har ya tashi. Shi ne ya roƙe ni in biyo su wannan tafiya wai in huta. Jiya ya ga abin da babu suruki a ƙasar Hausa da ya kamata ya gani. Ya kau da kai, Allah ya yi masa albarka, amma in ya kau da kai hasken ya kauce, in hasken ya kauce ba na ganin inda ake cizo. Haka muka yi ta yi, ina cewa "haska nan", yana cewa "to Baba" yana kallon rassan itace. Wani Alhaji da ke cikin ayarinmu ya leƙo, ya ce "subhanallahi", ya ja zif ɗin tantinsa. Ina jin tantin yana girgiza. Ba kuka yake yi ba.

Su kuma sojojin naki wace irin tarbiyya ce wannan? Ka kama ɗaya ka ja, gangar jiki ta taho, kai ya tsaya a fata da haƙoransa a kulle. An ce a gabashin Afirka har ɗinkin rauni ake yi da su saboda wannan taurin kai. To ni ba ni da rauni kafin su zo.

Da aka zagaye sansanin da toka da kananzir, hankali ya ɗan kwanta, sai jagora ya shiga kare ki. Wai a ƙauye in kun shiga ɗaki sai mutane su fita su ba ku wuri, kafin gari ya waye kun share kyankyasai da kunamu. Wai gidanki ɗaya kan kai rai miliyan 20. Madalla, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, mun ji. Amma ni kyankyaso ne? Cikin miliyan 20 an rasa mai hankali ɗaya da zai ce wannan dattijo ne, a bar shi?

Na san abin da ke ba ki ƙarfin gwiwa. Jamusawa sun gina ganuwarsu a kan tudun Gashaka, sun tafi sun bar kufai. Ingilishi sun karɓa, su ma sun tafi. A 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama yankin ya zaɓi Najeriya, a 1991 gwamnati ta mai da dajin gandun ƙasa, ta hana farauta, ta sa masu gadi. Doka ta kare ɓauna, ta kare dorina, ta kare ki ke ma. Ni da na biya kuɗin shiga aka ba ni rasit, babu sakin layi ɗaya da ya kare mini cinya.

Buƙatuna kaɗan ne. A riƙa sallama. In cizon ya zama dole, a tsaya daga idon sawu zuwa ƙasa. A kuma duba wa ke riƙe da fitila.

In kin ƙi, ina da inda zan kai kuka. Yau za mu ƙarasa Kwano, kuma kin fi ni sanin masu unguwar. Biri mai ganga ba ya tsoronki. Masu binciken da suka zauna a can tun shekarar 2000 sun ga sandunan da yake karyowa yana zurawa a ƙofar gidanki, sojojinki su hau da fushi, ya suɗe su, har kawunansu sun tsinta a kashinsa. An ce ganinsa wuya, yana jin motsin mutum yake ɓacewa. Ba komai. Na sa yaron nan mai silifas ya bi sawun rundunarki da sassafe, ya ga gindin itacen da suka shige. Zan fere sanduna masu kyau, dogaye, in jingine su a wurin, in ya ga dama ya ɗauka.

Mijin 'yata kuma tun safe bai yarda mun haɗa ido ba, ga sauran tafiya har gindin Chappal Waddi, dutse mai tsayin mita 2,419. Shayi ma ta hannun Alhaji ya aiko mini, Alhajin kuwa da ya miƙo kofin sai ya tambaye ni ko na tashi lafiya, leɓensa na rawa.

Naki, ba don yana so ba,
Wani dattijo daga tanti na uku