Bakano, Zo Mu Ci Ƙasa, Amma Bi Da Bi

Bawana Ɗan Kurmi, gaisuwa daga Hunkuyi, garin iyayen gidanka. Kwalin nan da ka bari a rumfar mai shayi ran da ka zo lodin rake, mun buɗe shi, mun kuma karanta takardar da ke ciki, tunda mun san kai hotunan kawai ka kalla. Ka bar sallahu wai in tara maka mutum shida a yi wasan cin ƙasa, wai kuma a ajiye maka Kano, kada kowa ya taɓa. To ga amsarka a bainar jama'a, don kada gobe ka ce ba haka aka yi ciniki ba.

Abin da ka sayo sunansa Risk. Wani Bafaranshe mai shirya fim, Albert Lamorisse, shi ya ƙirƙiro shi a 1957, sai kamfanin Parker Brothers na Amurka ya kai shi kasuwa da wannan suna a 1959. Taswirar duniya ce aka yanka gida 42 a nahiya shida, kowa ya jera sojojinsa, in layi ya zo kansa ya auka wa maƙwabci. Na sa tabarau na bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ban ga Kano ba. Afirka kaf gida shida aka ba ta, mu da ku da Maroko an cusa mu a gida ɗaya. Madagaska ta samu nata, tumbin giwa kuwa ko ɗigo. Na san za ka ce Zariya ma babu. Haka ne, amma mu ba mu taɓa hawa kan dala muna shelar mun fi kowa ba.

Matsalar Risk ɗinka ita ce ƙwayar lido. Mai kai hari ya jefa uku, mai gida ya jefa biyu, in aka yi kunnen doki mai gida ya ci. Mu nan almajiran Zariya ne, liman kuma ta gaban rumfar yake wucewa zuwa masallaci. Ba za a ji ƙarar ƙwaya a majalisarmu a ce 'yan caca ne ba. Kai ma ai taimakonka muka yi. Da 'yan Hisba sun tare ka a Kwanar Dangora da ƙwaya biyar a aljihu, da wane bakin za ka yi musu bayanin cewa Ostireliya kake shirin ci?

Saboda haka mun ajiye naka mun ɗauko ƙa'idar ɗan'uwansa, Diplomacy. Wani Ba'amurke ne, Allan Calhamer, ya tsara shi tun yana ɗalibi a Harvard, ya buga shi da kuɗinsa a 1959, daga baya ya ƙare aikinsa yana raba wasiƙu gida-gida. A nan babu ƙwaya, babu sa'a. Dauloli bakwai ne na Turai a shekarar 1901, cibiyoyi 34, wanda ya riga riƙe 18 shi ya ci. Kafin kowane zagaye mutane su keɓe biyu-biyu su ƙulla yarjejeniya, sannan kowa ya rubuta umarnin rundunarsa a asirce, a buɗe gaba ɗaya. Runduna ɗaya ba ta ture ɗaya sai da goyon bayan wata, don haka da wuya mutum ya ci ba da taimakon wani ba. Kuma ƙa'ida ba ta tilasta wa kowa cika alkawari ba. Da muka zo wannan sashe, mai shayi ya ajiye ludayinsa ya ce, “Wannan ai don Ɗan Kurmi aka rubuta shi.” Tun 1963 Turawa ke yin wasan ta gidan waya, mutum ya aika umarni ya zauna makonni yana jiran sakamako. Makonni fa, Ɗan Kurmi. Kai da ko a layin alwala sai ka ce wa na gabanka sauri kake yi.

Mu ba ruwanmu da Ostiriya da Italiya. Bakwai ɗinmu na nan tun kafin su: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Malamin firamarenmu ya zana taswirar a bayan babban kwali, daga Tsibiri da Maraɗi har Kauru. Layin nan da Ingila da Faransa suka ja a 1890 daga Say zuwa Barruwa, wanda gyare-gyarensa suka raba Bakatsinen Katsina da Bakatsinen Maraɗi, mun ƙi zana shi. Su ma wasan taswira suka yi a teburi, sai dai ba su gayyaci masu ƙasar ba. Cibiyoyi 34 muka bari kamar na asali, ciki har da Kudan, Likoro, Makarfi, Paki da Ikara. Hunkuyi ta faɗo a tsakiyar kwalin daidai. Kada ka tambaye ni dalili, ni na saya wa malam alƙalamin.

Batun a ajiye maka Kano kuwa, babu shi. Ƙuri'a za a jefa a hula. In ka ɗauko Kano, Allah ya ba ka abin da kake so, sai ka tuna aikin da magabata suka raba wa kowa: Gobir sarkin yaƙi, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Kano da Rano sarakunan baba. Rini ke nan, wato ku tsaya bakin karofi hannu shuɗi. Zazzau kuwa sarkin bayi, kai ka fi kowa sanin su wane ne bayin. In kuma ka ɗauko Zazzau, to ranar za ka fara cin fate da hannu biyu, ka huta da busasshiyar gurasa.

Amma duk wannan ba shi ne abin da ke damuna ba. Wasan nan ƙashin bayansa bi da bi ne: zagaye bayan zagaye, ka miƙa naka, ka naɗe hannu har a buɗe na kowa, ko da kana kallo wani yana cinye maka gari. Nan nake jin tsoronka, don na duba tarihinku ban ga inda kuka koyi jiran layi ba.

Dubi mu. Tun bayan jihadi gidajen sarauta huɗu ne a Zazzau: Mallawa na Malam Musa, Barebari na Yamusa, Katsinawa na Abdulkarimu, da Sulluɓawa na Abdussalami. Sarauta tana zagayawa a tsakaninsu, wani lokaci ta daɗe a wani gida, sauran su yi haƙuri. Marigayi Shehu Idris na gidan Katsinawa ya hau a 1975, ya yi shekara 45. Mallawa kuwa tun da Turawa suka tuɓe Alu Ɗan Sidi ba su sake ganin gadon ba sai 2020, da Ahmed Nuhu Bamalli ya hau. Kusan shekara ɗari suna zaune suna jiran layi ya zo kansu. Wanda ya fara jiran bai ga ranar ba, jikoki suka karɓa. Za ka ce ai an je kotu. An je, Bazazzagi da ƙara ai sai Allah, amma ko yau ka shiga Ƙofar Doka ka tambayi fada, hanya ɗaya yaro zai nuna maka.

Ku fa? Gida ɗaya tak kuke da shi tun hawan Ibrahim Dabo a 1819, ba ku da wanda za ku yi karɓa-karɓa da shi sai kanku, amma da Sarki Bello ya rasu a 1893 aka naɗa ɗansa Tukur, sai 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ce ba su yarda ba, suka fice zuwa Takai. Basasa ke nan, har 1895. Wasa tsakanin 'yan ɗaki ɗaya ya gagara, sai da aka kifar da allon. Na so in ce wannan tsohon zance ne, sai na tuna 2019, da aka yanka masarautar gida biyar: Kano, Bichi, Gaya, Ƙaraye da Rano. A watan Mayun 2024 aka soke dokar aka haɗe, bayan wata biyu aka sake fitar da uku a matsayin masu daraja ta biyu. Maƙwabtanmu na Rogo, da muke haɗuwa da su a kasuwa, sun kwana a ƙasar Kano, sun tashi a ta Ƙaraye, sun koma Kano, sun sake dawowa Ƙaraye, ba su matsa ko taku ɗaya daga ƙofar gidansu ba. Birnin kansa kuwa, baƙo ya ce a kai shi fada, sai ɗan adaidaita ya waiwayo ya ce, “Wacce, Ƙofar Kudu ko Nasarawa?” Mutanen da suka yi wa taswirar gaske haka, su zan miƙa wa kwalina da alƙalami?

Mu ma an yanka mu, ban ɓoye ba. Ikara ce uwa, aka fitar da Makarfi daga cikinta, a 1996 kuma aka fitar da Kudan daga Makarfi aka sa hedikwata a Hunkuyi. Amma in an yanka, an wuce wurin, ba a dawo ana gogewa da miyau ba.

Na san makamin da kake ɓoyewa a hannun riga: Kanajeji. Kullum sai ka kawo shi. To bari in riga ka, in kuma faɗi rabin da kake haɗiyewa. Tarihin Kano, littafinku ba namu ba, ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Da duk wannan kaya ya tasam ma Zazzau, ya sauka a Turunku, Zage-zagi suka fito suka kora shi gida. Zagayen farko namu ke nan. Ya koma yana huci, ya nemi shawara, aka ce masa sai ya farfaɗo da tsafin da ubansa ya rushe. Ya yi. Sannan ya dawo ya yi sansani a Gadas, ya kashe Sarkin Zazzau, ya zauna wata takwas kusa da Shika. Wato an yi wasa da gaskiya kun faɗi, kuka je kuka shigo da abin da ba ya cikin ƙa'ida. Shi ya sa duk wanda zai shiga rumfar ranar wasa sai an laluba damtsensa. Kuma littafin naku dai shi ya ba da shaidar Amina: shekara 34 tana yaƙi, ta kai Kwararrafa da Nufe, har Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Goron da kuke tinƙaho da fataucinsa, a matsayin gaisuwar talakawa ya iso mana.

Ga yadda za a yi. Zagaye ɗaya a mako, ranar Juma'a. Daga saukowa masallaci zuwa la'asar lokacin ƙus-ƙus ne, kowa ya ja wanda zai ja bayan rumfa ya yi masa rantsuwar da zai yi, ban da dafa Alƙur'ani, don mun san ba cikawa za a yi ba. Ana kiran la'asar kowa ya miƙa takardarsa a ninke, bayan sallah a buɗe. Wanda ke kan hanya ya turo saƙon waya kafin kiran. Wanda bai aiko ba, rundunarsa ta tsaya inda take, duk abin da ya same ta shi ya jawo. “Wayata ba caji” ba uzuri ba ne, “mota ta lalace a Tashar Yari” ma haka.

Wannan doka ma daga tarihinku na ciro ta. Ran 3 ga Fabrairun 1903, da Kanar Morland ya iso bakin ganuwar Kano da bindigoginsa, layi ya zo kanku, mai wasan ba ya nan: Sarki Alu yana Sakkwato. Kafin ya juyo an cinye gidan. Kada ka buɗe baki ka ce ai daga Zariya rundunar ta taso. Baƙo ya tambayi hanyar gidan bawanka, ai ba ka hana shi.

Ba a sayen layin wani, ba a jinginar da gari, ba a ba da Paki bashi zuwa kasuwa ta gaba. Na faɗi wannan ne don na san kafin zagaye na uku za ka fara taya Daura, ka ce wa mai ita, “Nawa ka bari?” Ba a sa ko sisi a kai, wanda aka fara cinyewa shi zai sayi shayin ranar, wanda ya yi nasara a ba shi ƙullin mazarƙwailar Makarfi. Za mu fara bayan an kai amfani gida, mu rufe kafin ruwan shuka, saboda manomi ba ya barin huɗa don ya tsare Biram. Alƙali kuwa ni ne, kuma ba na wasa, ba na riƙe ƙasa. Ka ga adalcin Zage-zagi: mun haƙura da cin ku a kwali tunda mun riga mun mallake ku a fili.

Abokan karawarka shida sun cika. Akwai direba, akwai dillalin tumatir da ya san halinka tun a kwandon farko, akwai Bakatsine daga Danja da ya ce shi ko Rano aka ba shi Kano zai fara nufa, akwai wani Bafulatani da bai ce komai ba, murmushi kawai ya yi. Shi na fi ji maka tsoro. Shawarata kyauta: a dara mai gaggawar ci shi ke buɗe gidansa, to nan ma haka ne. Kada ka ci amanar kowa a zagayen farko kamar yadda jininka zai raya maka. Daure ka kai na huɗu.

Juma'ar farko bayan an gama casar masara muna jiranka. Ka zo da goro ƙwarya guda na gaisuwar iyayen gida, ka tuɓe takalmi a bakin rumfa, ka zauna inda aka nuna maka. In ka makara, da kai da babu duk ɗaya, za a buɗe takardu.