Yadda Ake Shirin Ranar da Wuta Za Ta Tafi Ba Dawowa

A adabin Turawa, musamman na Amurka, akwai wani reshe na ƙagaggun labarai wanda sana'arsa ita ce rushe duniya a babin farko, sannan a bi 'yan tsirarun da suka rage a ga yadda za su ƙare. A da bom ɗin nukiliya ko annoba ake ba wa wannan aiki. Daga baya marubuta suka gano hanya mai arha: a ɗauke wutar lantarki, a ƙi dawo da ita. Shirin talabijin na Revolution, wanda aka fara nunawa a 2012, a kan haka ya ginu, haka ma littafin William Forstchen mai suna One Second After na 2009. A gefen wannan adabi wata jama'a ta taso, masu tanadin ranar tsiya, da shagunansu da mujallunsu, har tashar National Geographic ta yi musu shiri na kansu. Mai sha'awar shiga sahunsu yana da hanyar bi, kuma tun da ba a fafe gora ranar tafiya, gara ya fara tun fanka tana juyawa.

Abu na farko shi ne zaɓen musabbabi, domin ba ya kyautuwa mutum ya tara buhun wake arba'in bai san abin da yake tsoro ba. Musabbabai masu daraja guda uku ne. Akwai rana: a watan Satumba na 1859 guguwar maganaɗisu daga rana ta sa wayoyin tangaraho suka riƙa tartsatsi a Turai da Amurka, kuma ranar 13 ga Maris 1989 wata ƙaramarta ta jefa lardin Quebec na Kanada cikin duhu na awa tara. Akwai bom da ake fasawa can sama, wanda ba ya rushe gini, sai dai ya ƙona kayan lantarki. Amurka ta gwada irinsa ranar 9 ga Yuli 1962, kimanin kilomita 400 a saman tekun Pasifik, fitilun titi kusan 300 suka mutu a Hawaii, mai nisan fiye da kilomita 1,400 daga wurin gwajin. Sai masu kutse ta kwamfuta, waɗanda a Disamban 2015 suka yanke wa mutum kusan 230,000 wuta na 'yan awoyi a yammacin Yukren. Marc Elsberg ɗan Ostiriya ya riga su hasashen haka a littafinsa Blackout na 2012, inda aka shiga ta mitocin gidaje a Italiya da Suwidin aka kashe Turai.

Akwai musabbabi na huɗu, amma ba shi da kwarjini. Ranar 14 ga Agusta 2003 wayoyi suka yi zafi a jihar Ohio, suka saki jiki suka taɓa bishiyoyin da ba a sassabe ba, na'urar ƙararrawa ta ɗakin kula ta maƙale, mutum fiye da miliyan 50 a Amurka da Kanada suka rasa wuta. Babu marubucin da zai sayar da littafi mai shafi 400 wanda mugun cikinsa reshen bishiya ne. Saboda haka ana ba mai shiri shawara ya riƙe rana ko bom, sun fi daɗin faɗa a gaban baƙi.

Bayan musabbabi sai zaɓen matsayi, kuma nan ne littattafan suka fi amfani. Wanda ya fi kowa tsira shi ne tsohon soja da ya koma koyarwa a ƙaramin gari, zai fi kyau in matarsa ta rasu, kuma yana da dangi mai tsohuwar mota. Jarumin Forstchen ya cika sharuɗɗan duka: kanar ne mai ritaya, malamin tarihi a garin Black Mountain na North Carolina, surukarsa kuma tana da tsohuwar Ford Edsel wadda ba ta da kwamfutar da za ta ƙone. Matsayan da ake gudu su ne na maƙwabcin da ya yi wa jarumi dariya a babin farko, da na mutumin da ke cewa zuwa gobe za su kawo, da na manajan banki. A littafin Alas, Babylon na Pat Frank, wanda ya fito a 1959, manajan bankin garin kashe kansa ya yi da ya gane takardun da ke cikin ma'ajiyarsa sun zama takardu kawai. A lissafin littafin Forstchen, mutum tara cikin goma na Amurka ba sa kai shekara. Ba a taɓa jin mai karatu ya rufe littafin ya sa kansa cikin taran ba. Wannan ne sirrin cinikin, kuma mai shiri na gaske ba ya bari ilimin lissafi ya ɓata masa shi.

Sai tanadi. Al'ada ta tanadi bindiga da abincin gwangwani. A The Road na Cormac McCarthy, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 2007, uba da ɗa suna tura keken sayayya na kanti da bindiga mai harsashi biyu, kuma ranar da suka fi farin ciki ita ce ranar da suka faɗa wa ɗakin ƙasa cike da gwangwanaye wanda mai shi bai rayu ya ci ba. Ana so mai shiri ya ɗan tsaya a kan wannan mai ɗakin, ya yi tunani, sannan ya wuce.

Abin da hotunan ɗakunan ajiya ba su cika nunawa ba shi ne ruwa, don ba ya kyau a hoto kuma yana da nauyi. Hukumar agajin gaggawa ta Amurka tana cewa a ajiye galan ɗaya ga kowane mutum a rana, wato kusan lita 4, kuma wannan na sha ne da ɗan goge jiki. Gida mai mutum shida zai buƙaci lita 720 a wata, kusan jarka 29 masu cin lita 25. Ruwan famfo kuwa inji ne ke tura shi, injin kuma wuta yake sha. A 2003 tashoshin tura ruwa na birnin Cleveland sun tsaya tare da wutar. Idan ruwa ya tsaya, ban-ɗakin zamani ya tsaya, kuma mazaunin hawa na ashirin zai gane cewa matsalarsa ta farko ba 'yan fashi ba ce. Da wuya a ga jarumi yana haƙa masai a fim, amma amai da gudawa ba sa kallon fim. Tukunyar tafasa ruwa da shebur da sabulu sun cancanci gurbi a ɗakin ajiya, ko da za a ɓoye su bayan akwatin harsashi don gudun kunya.

Batun abin hawa gajere ne. Fim ɗin Mad Max na biyu, na 1981, ya koyar da cewa bayan rugujewar duniya mutane za su riƙa ƙona fetur suna tsere a hamada don neman fetur. A zahiri fetur ɗin da aka ajiye yakan fara lalacewa cikin watanni. Emily St. John Mandel ta kula da haka a Station Eleven na 2014, inda dawaki ke jan gangar jikin motoci. Keke ne amsar, sai dai babu jarumin da zai shiga garin abokan gaba yana buga ƙararrawa.

Akwai wurin da littattafan suka faɗi gaskiya ba ƙari, shi ne magani. A littafin Frank da na Forstchen duka akwai mai ciwon sukari da ya mutu saboda rashin allurar insulin, wadda ba ta jure zafi. Bayan guguwar Maria ta Satumban 2017, sai da aka kwashe kusan wata 11 kafin wuta ta gama komawa ko'ina a tsibirin Puerto Rico, kuma ƙiyasin da gwamnatin tsibirin ta amince da shi ya ce mutum 2,975 suka mutu. Da yawansu ba iska ce ta kashe su ba, tsofaffi ne da masu wankin ƙoda da masu shaƙar iskar asibiti. A Fabrairun 2021 sanyi ya daskarar da bututun gas da tashoshin wuta a Texas, masu kula da layin suka ce saura minti 4 da daƙiƙa 37 komai ya durƙushe na makonni ko watanni. Jihar ta ƙirga mamata 246. Yawancinsu sanyi ne, wasu kuma hayaƙin janareta ko gawayi ko mota da aka kunna a rufaffen wuri. Janareta a waje yake kwana, nesa da taga, ko da ɓarawo zai gan shi.

Mai shiri da ya zaɓi bom zai buƙaci kwandon shara na ƙarfe mai murfi, ya shimfiɗa kwali a ciki, ya saka wayarsa da kwamfutarsa. Dabarar ta samo asali daga gwajin Michael Faraday na 1836, kuma tana da tushe a kimiyya. Idan komai ya tafi daidai, zai fito da waya lafiyayya a duniyar da babu turken sadarwa ko ɗaya mai aiki, ya kalli tsofaffin hotuna har batir ya mutu. Ranar 28 ga Afrilu 2025 da wuta ta ɗauke a Sifaniya da Fotugal da tsakar rana, abin da jama'a suka yi rububinsa shi ne rediyo mai batir da tsabar kuɗi, kayan da jikoki suka daɗe suna yi wa kakanni dariya a kansu.

Game da sanyaya abinci, littattafan masu tanadi sukan koyar da saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Wanda ya yaɗa wannan dabara a zamanin nan Mohammed Bah Abba ne, malami a Jigawa a lokacin, kuma ta ba shi kyautar Rolex a 2000. Wannan yakan sa a ɗauka cewa wanda ya girma da randa da aci-balbal da 'yan ga-ruwa ya gama karatun, saura a ba shi takardar shaida. Gaskiya ya yi nisa, amma bai gama ba. Lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, da lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako cikin duhu a Oktoban 2024, abin da ya riƙe injin niƙa da rijiyar burtsatse da shagon cajin waya shi ne fetur da dizal, waɗanda ake tacewa a inda akwai wuta. Labaran rugujewa har can suke kashewa.

Maƙwabta su ne babin da aka fi saɓani a kai. Ƙa'idar adabi ita ce kwana uku: rana ta farko gaisuwa, ta biyu kallon-kallo, ta uku a zo da gatari, kafin shekara kuma an fara cin naman mutane. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da New York a Yulin 1977, inda aka wawashe shaguna fiye da 1,600 cikin dare ɗaya da yini. Amma birnin nan ya rasa wuta a 1965 da 2003 ba a yi haka ba, mutanen gari ne ma suka tsaya a mahaɗar titi suna ba motoci hannu. Rebecca Solnit ta rubuta littafi guda a 2009 a kan yadda bala'i ya fi fito da taimakon juna. Mai shirin da bai gamsu ba, in yana da miliyoyin daloli, zai iya sayen ɗaki a tsohon ramin makami mai linzami da aka gyara a Kansas, hawa 15 a ƙarƙashin ƙasa, da wurin iyo da silima. Sai dai marubuci Douglas Rushkoff ya ba da labarin wasu hamshaƙai da suka gayyace shi suka tambaye shi yadda za a sa masu gadi su ci gaba da biyayya bayan kuɗi ya daina aiki. Shawarar da ya ba su ita ce su kyautata musu tun yanzu, kuma bisa ga dukkan alamu ba ita suka biya kuɗi su ji ba.

Wanda ba shi da kuɗin rami sai ya nemi sana'ar da za ta sa a ji kunyar cinye shi. Ungozoma da maƙeri da mai haƙa rijiya da mai gyaran keke suna cikin aminci. A littafin Frank gishiri da kofi da zuma sun fi zinari. A na Mandel har 'yan wasan kwaikwayo sun samu abinci, suna yawo gari-gari da wasannin Shakespeare. Mai ba kamfanoni shawara kan dabarun talla yana da 'yan watanni ya koyi saƙar igiya.

Littattafan sukan ƙare kafin a zo maganar dawo da wuta, saboda injiniyoyi ba sa harbi. Yawancin manyan tashoshi ba sa iya tashi sai an ba su wuta daga waje, don haka ana farawa da madatsar ruwa ko injin dizal, a tayar da yanki ɗaya, a haɗa shi da na kusa. Dole injinan su juya da bugu ɗaya, sau 50 a daƙiƙa a Turai da Afirka, 60 a Amurka, kamar mata masu lugude a turmi guda, in ɗaya ta saɓa sai taɓare su gwabza, a koma farko. Idan manyan taransifomomi sun ƙone kuwa, kowace tana da nauyin tan ɗaruruwa, kuma ƙera sabuwa kan ɗauki fiye da shekara. Aikin mai shiri a nan kaɗan ne: ya cire dutsen guga da firji daga soket, ya bar ƙwai ɗaya a kunne don ya san an kawo.

Saura yiwuwar da mujallun masu tanadi ba sa son tattaunawa, wato a ƙi ɗauke wutar. Hakan ta faru da waɗanda suka cika ɗakuna saboda fargabar kwamfutoci za su rikice a daren shiga shekarar 2000. Abincin gwangwani yana da kwanan wata a jikinsa, ruwan jarka yana son canji duk wata shida, batir yana zubar da ruwa a cikin cocila. Tsarin da aka yarda da shi shi ne a ci na baya a sayo sabo a jera a ƙarshen layi. Don haka kafin a biya kuɗin katan 200 na wake da tumatir, a tambayi mutanen gida ko suna cin wake da tumatir.