Kai Ma Ba Ka San Ta Ina Taka Ta Bi Ba

Ka ce kai kai ne, wanda duk aka buɗe abin da ke ciki iri ɗaya? Sannu sarkin gardama. Gyara zama.

Ƙwaƙwalwarka ba tsirara take a ƙoƙon kai ba. Tantani uku ne suka lulluɓe ta, su ne waɗanda sanƙarau ke kamawa in zafi ya shigo. Na can waje mai kauri ne, manne da ƙashi, kuma shi ma da jini yake rayuwa. Babbar jijiyar da ke ciyar da shi tana tasowa daga wadda ke bi ta bayan muƙamuƙi, ta kutsa ta wata 'yar ƙofa a gindin ƙoƙon kai, ta baza rassa a gefe, tsakanin ido da kunne, daidai inda ƙashin ba shi da kauri. Har sawu take bari: in an duba cikin busasshen ƙoƙon kai, ga kwarin da ta kwanta nan a fili.

Ka ce to ai shi ke nan, haka aka zana a littafi? Na mafi yawan mutane aka zana, malam. Akwai wanda tasa ta yi wa hanyar muƙamuƙi tawaye, ta ɓullo daga jijiyar ido. Mai irin wannan sau da yawa ko 'yar ƙofar ba a samu a kansa, ƙashi ne sumul, tunda ba mai wucewa. Akwai kuma wanda abin ya juye: idonsa ne ke cin arzikin jijiyar tantanin.

Ka ce na fara zuƙi-ta-malle? Tsaya ka ji wadda ta fi. Kana ciki, ba ka kai wata uku ba, akwai wata jijiya da ta ratsa ta tsakiyar ƙashi mafi ƙanƙanta a jikinka, wanda ke cikin kunne, mai siffar likkafar doki. Ita ce ta fara kai wa tantanin jini, daga baya ta bushe ta bar wa wata aikin. A wasu 'yan tsiraru sai ta ƙi tafiya. Josef Hyrtl, masanin sassan jiki ɗan Ostiriya, ya bayyana ta tun 1836. Wani mai ita yakan riƙa jin bugun zuciyarsa a kunne, wani kuwa har ya tsufa bai sani ba. Ɓera kam da ita yake girma har ya mutu. Kar ka harare ni, ban ce kai ne ba. Ban kuma rantse ba kai ba ne.

Ka ce ina ruwan biri da gada, wannan ai hirar likitoci ce? Da ruwanka. Tsoho kan ɗan faɗi a banɗaki ya tashi ya kakkaɓe riga, jini ya yi ta taruwa a hankali ƙarƙashin tantanin. Bayan makonni ya fara mantuwa da jan ƙafa, gida a ce tsufa ne, maƙwabta su ce jifa aka yi. Yanzu likitoci kan zura siririn bututu ta matsematsi ko wuyan hannu har zuwa babbar jijiyar tantanin, su toshe ta da gangan don kada jinin ya sake taruwa. A Nuwamban 2024 mujallar New England Journal of Medicine ta buga manyan gwaje-gwaje uku a kan haka: biyu sun nuna amfani, na ƙasar Sin bai nuna bambanci mai ƙarfi ba. To, a ce idon dattijon nan daga jijiyar yake sha, likita ya yarda da zanen littafi irin yadda ka yarda, ya danna abin toshewa. An je gyaran kai an dawo da makanta! Wani reshenta ma jijiyar motsa fuska yake ciyarwa, a toshe shi baki ya karkace. Shi ya sa ba a taɓa ta sai an zuba ruwan da ke haska jijiyoyi an ɗauki hoto, an ga ta ina ta wannan mutumin ta bi.

Har yanzu kana murmushi, wai kai kanka dutse ne, ba ka buƙatar hular kwano a kan babur? Ko ta ina jijiyar taka ta taso, ta gefen kan nan maras kauri take bi. In ƙashin ya tsage ya yanke ta, mutum na iya miƙewa garau yana ba da labari, jini na matse ƙwaƙwalwa. A watan Maris na 2009 'yar fim ɗin Ingila Natasha Richardson ta faɗi wajen wasan sulɓi kan ƙanƙara a Kanada, ta tashi tana cewa lafiya lau, kwana biyu bayan nan ta rasu. Ka ci gaba da musu da ni, ina jin daɗinsa. Amma duk wanda ya bugu a gefen kai, ya fara amai, ciwon kai ko gyangyaɗi, kar ka tsaya sauraron “ba komai” ɗinsa, ɗauke shi sai asibiti.