Ai Ɗan Unguwa Ne

Bayan isha'i muna teburin mai shayi sai ga adaidaita sahu ta faɗo layi a guje, fitila ɗaya, saura ƙiris ta kwashe yarinya mai tallar gyaɗa. Kowa ya san yaron da ke tuƙa ta. Bai kai shekara 18 da ake ba mutum lasisi ba, kuma tun la'asar idonsa jawur.

"Wallahi yaron nan sai ya kashe wani," in ji Malam tela.

Kawu, wanda ya tsufa a kan hanyar Kano zuwa Legas, ya ajiye kofinsa. "To wa zai kai ƙara, Malam? Kai?"

Aka yi tsit.

Haka muke. Mun san direban bas ɗin da yanar ido ta cinye masa ido guda, in dare ya yi fitilar motar gabansa yake bi. Mun san mai haɗiyar tiramol kafin ya ɗau lodi. Mu ne kuma fasinjojinsu, mu shiga da bisimilla.

Bara wani maƙwabcinmu ya yi ta maza ya je caji ofis ya kai ƙarar yaron nan. Ɗan sandan kan kanta ya tambaye shi, "Ya buge wani ne?" Ya ce tukuna. Aka ce ya rubuta bayani ya kawo shaida, maganar lasisi kuwa ya gwada wata hukuma. Tambayar nan har yau tana ci mini rai. Sai jini ya zuba sannan magana ta zama magana? Ga hukumar kiyaye haɗurra tun 1988 da lambarta 122, ga 'yan KAROTA masu kula da titunan Kano, ga 'yan sanda, amma mai koke kowa ya tura shi gaba. Da a kira mai keken da shugaban tasha, a sa a gwada idon direba, ai ba aikin wata guda ba ne.

Sai dai da maƙwabcin ya dawo neman shaida, ko mutum ɗaya bai bi shi ba. Daga baya ranar da aka kama yaron kuwa, mu muka ɗauki mai unguwa muka tafi roƙo: ranka ya daɗe a yi haƙuri, maraya ne, shi ke ciyar da gidansu. Gaskiya ne maraya ne. Yarinyar tallar ma ita ke ciyar da nasu. In kuma rai ya salwanta mu ce ƙaddara ce, mun yafe. Yafiya alheri ce, amma kafin sadakar bakwai makulli ya koma hannun direba.

Kawu ya ce shi da kansa ya ajiye tuƙi ranar da ya ga rami biyu alhali ɗaya ne. Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Malam, gobe bayan azahar ka raka ni gidan mai keken nan. In bai karɓi makullinsa ba, ni zan tsaya shaida."

Malam tela ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "To, Kawu. Allah ya kai mu."