Riga a Kan Sanda

Ranar 10 ga Disamba muka bar Kano tun da duku-duku, mu huɗu a mota, muka nufi ƙasar Shanono. Abokina ne ya ja ni. Yana aiki da wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam, wannan rana kuwa ita ce babbar sallarsu, don a irinta ce, a 1948, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna a birnin Paris ta amince da kundin haƙƙoƙin ɗan'adam. Sun saba yin bikin a otal. Bana mai ba su kuɗi ya ce yana son ganin ƙauye a hoto, abokina ya ce ai kuwa ga garinsu. Ni aikina in rubuta labarin taron. Na faɗi haka tun da wuri ne don kada a ɗauke ni ɗan kallo: da ni aka ci shinkafar, kuma na sa hannu a takardar alawus.

Baƙo zai yi zaton akwai daji tsakanin gari da gari a wannan yanki. Babu. Gona ce manne da gona, sai layin gamba da ke raba ta wane da ta wane, sai gawo da ɗorawa da kuka da aka bari da gangan. Ƙasar ba ta hutawa, takin da jaki ke kai mata a mangala da rani ne ke riƙe da ita. Duk maigidan da ya rasu sai an sake yanka gonarsa, har ta kai rabon wani bai wuce abin da zai nome kafin hantsi ba. A irin wannan wuri ba sai ka fassara wa kowa kalmar haƙƙi ba. Sun san na maƙwabcin iyaka, sun san na ɗan ƙwadago, sun san na maraya, sun kuma san abin da ake nufi in an ce haƙƙin wani ya kama mutum.

A filin makarantar firamare aka kafa rumfa biyu. Manya a kujerun gaba, matasa a tsaye, mata can baya a tabarma, inda inuwar ba ta kai ba. Ƙyallen sanarwar da Turanci aka rubuta shi. Abokina ya iya magana, ba zan rage masa ba. Ya bi babi na huɗu na tsarin mulkin 1999 sashe-sashe, 'yancin rai, 'yancin mutunci, 'yancin a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci. Ya gaya musu akwai hukuma ta ƙasa da aka kafa tun 1995 don karɓar irin kokensu. Aka tafa.

Sai aka ba da damar tambaya. Wata mata ta taso daga tabarma, ta rage murya ta ce shekara shida ke nan da rasuwar mahaifinsu, 'yan'uwanta maza ke noma gonar, ita kuwa in kaka ta yi a aiko mata da kwano biyu na gero. Wani dattijo ya ce ɗansa ya kwana tara a wani ofishin 'yan sanda, ga shi an rubuta a bango cewa beli kyauta ne, amma sai da ya sayar da awaki biyu. Wani da ya zo daga ƙauyukan da ke kusa da iyakar Katsina bai ma yi tambaya ba. Cewa ya yi tun da 'yan bindiga suka fara tsallakowa, in magariba ta yi sai ya kwashe iyalinsa su tafi kwana wani gari, da safe su dawo, yana so ya ji ko wannan na cikin babin da aka karanta.

Abokina ya rubuta duka a ɗan littafinsa. Ya ce tambayoyi ne masu muhimmanci, sai dai shirin bana na wayar da kai ne, babu kuɗin bin ƙara a cikinsa. Daga nan aka jera mutane a yi hoto, kowa ya ɗaga hannu. Sau uku aka sake, don rana ta ɓata biyun farko. Aka raba shinkafa a roba, aka watse.

Bayan la'asar muka je gaida kakansa. Tsohon ya ba tamanin baya da nisa, amma idonsa garau, bakinsa kuma ya fi idon. Muka same shi a zaure yana tufkar igiya.

"Ɗan boko, an gama raba 'yancin? Ni ina nawa kason?"

"Kai tsoho, ai kai ka ci naka tun zamanin Turawa."

Aka yi dariya irin ta jika da kaka. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, an ce da ku aka yi NEPU." Bai amsa ba. Ya miƙa hannu saman katanga ya sauko da wani tsohon gwangwanin madara, ya zazzage a tabarma. Takardun haraji ne da suka yi ja don tsufa, an ɗaure su da zare, sai wani kati mai tauraro, sai ɗan ƙaramin mabuɗi na ƙarfe irin wanda 'yan PRP ke maƙalawa a riga.

Abin da littattafai suka adana shi ne, mutum takwas ne suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, cikinsu da Abba Maikwaru da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin, daga baya Malam Aminu Kano ya zama shugabanta. Sanarwarta ta Sawaba ta fito fili ta ce rikicin da ke ƙasa tsakanin talakawa ne da masu riƙe da mulkin En'e. Abin da littattafan ba su cika tsayawa a kai ba shi ne yadda maganar ta iso ƙauye. Baba ya ce su a bakin wani ɗan koli suka ji ta, mai keke, da ke bin kasuwanni da allura da madubi da turare. In kasuwa ta tashi sai ya zauna gindin tsamiya da mahauta da teloli da maƙera, ya tambaye su aya ko hadisin da ya ce dole talaka ya bar gonarsa a farkon damina ya je ya nome ta dagaci kyauta. Wannan tambaya ita ce dukan taron wayar da kan da aka yi musu. Ba rumfa, ba shinkafa.

"Damina na zagayowa muka ƙi zuwa, mu bakwai. 'Yan doka suka zo da igiya. Alƙali bai tambaye mu komai ba, sai ko mu 'yan Sawaba ne."

Ya juya ya ɗaga rigarsa. Tabon bulalar ya shafe, sai ka matso za ka ga layi-layi, kamar kunyoyin gonar da ruwa ya daɗe yana duka. Ya ce shi nasa wasa ne, a tambayi Gambo Sawaba, mace, 'yar Zariya, da aka ɗaure a Kano don ta tara mata, aka kuma kore ta daga garin. Matan Arewa ba su sami jefa ƙuri'a ba sai bayan fiye da shekara ashirin. Ɗan kolin nan kuwa, in ji Baba, duk ranar da aka kulle wani nasu, shi ke bi gida-gida ya tara kwabo-kwabo, ya kai wa iyalin hatsi, ya taka har bakin kurkuku. Bai taɓa cewa babu kuɗin bin ƙara ba. Nan abokina ya ɗan gyara zama, amma Baba bai ko dube shi ba, igiyarsa yake tufka.

Takardar ƙarshe a ƙullin ita ce ta shekarar da Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamna, 1979, ya soke haraji da jangali a Kano. Baba ya ce a rediyo suka ji, wani maƙwabcinsa ya fashe da kuka. Ba a daɗe ba kuma jam'iyyarsu ta PRP ta dare biyu, santsi da taɓo, waɗanda suka sha bulala tare suka daina zuwa sunan juna. Malam ya rasu a Afrilun 1983 ba a gama ɗinke ɓarakar ba.

Wannan ta buɗe wa abokina baki, don fagensa ne. Ya ce ai masana zamantakewa sun daɗe da gano haka. Wani Bajamushe, Robert Michels, ya rubuta tun 1911, bayan ya nazarci jam'iyyar ma'aikata ta ƙasarsu, cewa duk ƙungiyar da ta tashi don talaka, da zarar ta yi ofis da sakatare da albashi, sai 'yan ƙalilan su riƙe ta, tsaron kujerarsu ya sha gaban abin da aka tashi dominsa. Ya lissafo jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago da abin ya faɗa wa, ya yi tir da 'yan siyasar yau da kowa ke rantsuwa da sunan Malam. Ya yi bayani mai kyau ƙwarai. Ni kaina na rubuta wasu jimlolin.

Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wannan Bajamushen manomi ne?"

"A'a, Kaka, malamin jami'a ne."

"To ya yi ƙoƙari. Ku taso ku raka ni gona."

An riga an girbe dawa, sai kara a tsaye. A tsakiyar gonar akwai mutum-mutumi, sanda biyu a gicciye, an sa masa wata farar riga da ta koma ruwan ƙasa. Kafaɗunsa duka biyu fari fat da kashin tsuntsu.

"Rigata ce," in ji Baba. "Da ita na shiga gaban alƙali. Da, in dawa ta fara ido, ni da kaina nake kwana nan. Ga inda nake kafa rumfa. In ɗaura gwangwanaye a igiya, majajjawa a hannu, tun asuba nake ihu har muryata ta dushe. Jan-baki sun san ni, na san su. Da ƙafa ta gaza sai na ce bari in sa wa sanda rigata, ai sun san rigar. Shekarar farko kuwa ta yi aiki, ko kusa ba sa zuwa. Shekara ta biyu sai wani ya sauka nesa-nesa, yana ci yana kallo. Bai ji ihu ba, bai ga dutse ba. Yanzu in suka zo, nan suke fara sauka su huta, daga kafaɗarsa suke zaɓen zangarniyar da ta fi cika."

Ya ɗaga aljihun rigar da sandarsa. Sheƙa ce a ciki, da 'yan ciyayi da gashin tsuntsu.

"Masu wucewa kuwa har yau in sun hango daga hanya sai su ce, tsohon nan akwai ƙoƙari, yana nan yana tsaron gonarsa. Wasu har sallama suke yi masa."

Abokina ya yi dariya, ya ce wallahi 'yan siyasa ke nan sak, bari ya ɗauki hotonsa. Baba ya bar shi ya ɗauka. Muka juyo gida, rana ta yi ja, yara na koro awaki cikin karan da aka girbe.

Sai da muka zo shiga mota, an sa mana damin dawa a but, Baba ya dafa ƙofar ya sunkuyo.

"Af, Ɗan boko, na kusa mantawa. Uwar yarinyar nan ta zo jiya, marainiyar nan ta bayan masallaci da ka tafi da ita ka ce za ka sa ta a makaranta. Ta ji za ka zo. Ba ta je taronku ba, kunya take ji. Ta ce in tambaye ka, shekara uku ke nan, aji nawa take yanzu?"

Abokina yana cikin waɗanda suka yi ta zarya majalisa har aka sa hannu a dokar kare yara ta Jihar Kano a 2023. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta wa kowane yaro shekara tara a makaranta kyauta, ya haddace ta kamar Fatiha. Ya buɗe baki, ya ce ana nan ana shiri, matsalar gurbi ce.

"Madalla," in ji Baba. "Zan gaya mata ana shiri. Allah ya kiyaye hanya."

Har muka wuce Bagwai ba wanda ya ce uffan. Ni ina lissafin yaron da ke wanke min mota, ina ƙoƙarin tuna ko na taɓa tambayar sunan garinsu. Direba ya kunna rediyo, ana hira da wani a kan muhimmancin ranar, ya kashe.

Mun isa gidan abokina bayan isha. Yarinyar ce ta buɗe mana ƙofa, hannunta duk kumfar wanke-wanke, ta durƙusa ta yi mana sannu da zuwa, ta ɗauki damin dawar a ka ta shige ciki. Rahoton taron ya fita a watan Janairu. Ni na rubuta shi, ban sa tambayoyin nan uku ba don wuri ya yi kaɗan, hoton mutum-mutumin kuwa shi aka sa a bango.