Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Wayar Wuta

Zuwa ga Hajiya Wayar Wuta,
Kan falwaya, tsakanin Ƙaraye da Rogo.

Ya zafin rana, ya kuma ɗawainiya da baƙi masu fiffike?

Mai wannan wasiƙa ɗan aike ne kawai. 'Yan majalisar mai shayi ne suka ɗora masa nauyin kawo miki ƙorafi, suna zarginki da son kai. Kurciya ba ta da mita, hankaka bai taɓa karɓar takardar bil daga KEDCO ba, amma su ne ke jeruwa a kanki su yi gyaran gashi, su yi gyangyaɗi, har su yi miki kashi, ba ki cewa uffan. Ɗan Adam kuwa, da yake biyan kuɗi tun zamanin NEPA, ko yatsa ya kai miki sai dai a ji salati.

An daɗe ana musu a kan dalili. Wani dattijo ya rantse cewa roba aka lulluɓe ki da ita, alhali manyan layukan da ke kan falwaya zallar alminiyom ne aka murɗa, wasu da ƙarfe a tsakiya, babu ko ƙyalle. Wani ya ce ƙafar tsuntsu busasshiya ce kamar kara, ya manta nama da jini ne ke cikinta. Sai wani mutumin Rogo ya kurɓi shayinsa ya ce duk wahalar banza suke yi, ai wayar babu wuta a cikinta, me zai kama tsuntsun? Aka tuntsire da dariya, domin ba a manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace aka yi kwana da kwanaki a cikin duhu.

To, ranki ya daɗe, an bincika, kuma bincike ya wanke ki.

Mutanen Ƙaraye sun fi kowa saurin gane lamarin, tunda madatsar ruwan Challawa da aka kammala a 1992 tana ƙofar gidansu. Ruwan da ke kwance a cikinta ba ya gudu sai an buɗe masa hanya zuwa gangare. Lantarki ma haka take: sai ta sami wuri biyu da ƙarfinsu ya bambanta, da abin da ya haɗa su, sannan ta ratsa. Tsuntsun da ya ɗora ƙafafunsa biyu a kanki, ko da bolt 33,000 kike ɗauke da shi, ƙafar dama da ta hagu a mataki ɗaya suke. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi tsawon yatsa ba, bambancin ƙarfin da ke cikin wannan 'yar tazara kuwa bai kai ɗaya bisa ɗari na bolt guda ba. Batirin tocila ma bolt ɗaya da rabi ne. Ga alminiyom shimfiɗaɗɗiyar hanya, me zai kai wuta ratsa jikin kurciya?

Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce, ba duk mai fiffike kike ɗaga wa ƙafa ba. Jemage da ya rataya a waya ɗaya, kansa ko fiffikensa ya taɓo ta ƙasa, nan zai bushe, yara su yi ta nuna shi har iska ta kaɗo shi. Shamuwa da ke zuwa da farkon damina da ungulu suna cikin wannan haɗari, saboda faɗin fukafukansu na iya haɗa waya biyu, ko waya da ƙarfen falwaya. A kusa da Fot Sudan akwai wani layi da aka kafa tun shekarun 1950, wanda ya yi ta hallaka ungulayen da ke ƙaura har sai da aka kashe wutarsa a 2014. A Amurka kuma ma'aikata kan sauka daga jirgi mai saukar ungulu su zauna a kan babban layi mai wuta suna gyara, sanye da tufafi na musamman. Dabarar kurciya suka ara, ba sa taɓa komai sai wayar.

Matsalar ɗan Adam ƙafarsa ce, kullum tana ƙasa. Da ya taɓa ki ya zama gada. Yaron mota da ya hau saman lodin rake ko buhunan masara, magini da ya ɗaga rodi, saurayin da ke kafa dogon ƙarfen eriya, mai sassabe da ya hau ɗanyar bishiyar da reshenta ke gugar ki, duk sun haɗa ki da ƙasa. Babban layi ma ba ya jiran a taɓa shi, idan aka matso sosai wutar tsallakowa take yi.

Akwai kuma ranar da guguwar farkon damina kan kayar da ke. Nan wuta kan bazu a cikin ƙasa, tana raguwa daga inda kika faɗi, sai ya zama tsakanin taku da taku akwai bambanci. Shi ya sa saniya ta fi makiyayinta shiga haɗari, ƙafafunta na gaba da na baya sun yi nisa da juna. Wanda tsautsayi ya kai shi kusa, ya haɗe ƙafafunsa ya ja su a hankali, kada ya zura da gudu, har sai ya ba da tazarar mita 10 ko fiye.

Maganar mutumin Rogo ta ba da dariya, amma ita ce ta fi tayar wa ɗan aike hankali. Ba ki sallama idan za ki dawo. Ko a ranar da aka ɗauke wuta, janaretan maƙwabci da aka jona ba bisa ƙa'ida ba yana iya turo miki tasa.

Saboda haka majalisa ta janye tuhumar son kai. Roƙo biyu ne suka rage. Na farko, ki daure ki riƙa zuwa da wuta, masu walda da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara sun gaji da sayen fetur. Na biyu, ki isar wa masu kula da ke cewa duk inda kika yi laƙwas har kina shafar saman mota, a zo a ɗaga ki kafin damina ta kankama. Su kuma iyaye da malaman makarantun allo sun ɗauki alkawarin gaya wa yara cewa wayar da ta faɗi ƙasa, a ɗauka da wuta a cikinta, a yi nesa, a kira ma'aikata.

Wassalam.
Ɗan aiken majalisar mai shayi, Ƙaraye.